Faifan Masar Juma'a

Ku matso kusa, ku gyara zama, don maganar da zan yi ba ta bakin titi ba ce. Ta cikin gida ce, kuma na daɗe ina haɗiye ta har ta fara tsaya mini a wuya. Karatuna bai yi nisa ba, daga allo sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga bayan na haifi na huɗu, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Amma kunnena ba ya mantuwa. Abin da aka faɗa a gabana, komai daɗewarsa, zan maimaita muku shi yadda ya fito daga bakin mai shi.

Akwai wani allo a nan Wunti, a saman ƙofar wani gidan abinci. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa su ne masu kai wa fada masa tun kaka da kakanni, a gefe kuma an zana faifai. Ni ba mai fita ba ce, sai in yi wata ban leƙa titi ba. Amma duk ranar da fita ta kama ni, sai in ce wa mai keke ya zaga ta baya. Ya ce, "Hajiya, ai ta nan ya fi kusa." In ce, "Na sani, ɗana. A unguwar nan aka yanke mini cibi. Zaga." Gidan abincin na ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Faifan da aka zana kuwa da hannuna na miƙa mishi.

Bari in faro daga tushe. Kakarmu ta wajen uwa masa take toyawa a ƙofar gida. Wata rana wata mata a cikin gidan sarki ta haihu, ta kasa cin komai, sai jakadiyar wancan lokacin, wadda ƙawar Kaka ce, ta kai mata masar gidanmu da miyar taushe. Ta ci. Daga nan masar ta kai gaban mai gidan kansa, aka ce ya ci ya ce kada a sauya wannan hannun. Shi ke nan. Babu takarda, babu sa hannu. Abin da aka ba Kaka faifai ne guda ɗaya, saƙar ja da baƙi, da ɗan kore a tsakiya kamar idon zakara. Aka ce mata duk Juma'a da hantsi ta rufe kwanon masa da shi ta aiko.

Ku fahimci abin da faifan nan yake nufi. Abincin waje ba ya shiga cikin gidan sarki haka nan. Sai an tsayar da shi a zaure, an buɗe, an ɗanɗana. Amma kwanon da aka rufe da wannan faifan ba a buɗe shi. Dogarai na hango shi za su matsa gefe. Wato an yarda da gidan da ya fito, an yarda da hannun da ya dama, har ba a buƙatar dubawa. Kuma kwano ba ya dawowa wayam. Wata rana goro, wata rana turare, da salla turmin atamfa. Ba a ciniki, ba a taɓa yi ba. Inna, mahaifiyarmu, takan ce fada ba ta yabo da baki, ba ta kora da baki, kwanonka ne zai faɗa maka matsayinka.

Da Kaka ta rasu Inna ta karɓa. Da Inna ta rasu sai babbar yayarmu, wadda muke kira Adda, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ni kuwa an aurar da ni a gidan da ke manne da namu, katanga ɗaya, har ƙofa aka huda mana. Aikina shi ne miya da kai kwano. Wannan ita ce fitata guda ta mako, kuma ina ji da ita. In sa mayafina mai kyau, in ɗora kwano a ka, in bi ta gaban teloli suna cewa, "'Yar gidan masa, a sammana mana!" in ce, "Ku nemi sarauta tukuna." Da yake ni ke kaiwa ni ke dawowa da shi, faifan a ɗakina yake kwana, rataye a bayan ƙofa cikin tsohon ɗankwalin Inna.

Yanzu zan faɗa muku sirrin masar, tunda ba shi da sauran amfani. Ba shinkafar ba ce, ko da yake Adda ba ta yarda da kowace shinkafa ba. Ba man shanun ba ne, ko da yake wata Bafulatana daga wajen Miri ce kaɗai ke kawo mana, ita ma ta gaji uwarta. Sirrin tukunyar ƙullu ce. Tukunyar ƙasa ce, baƙa, bakinta ya ɗan ɓantare. Ba a taɓa wanke ta ƙal ba. Kullum in an gama tuya sai a bar ɗan ragowar ƙullu a gindinta, a zuba sabo a kai, tsohon ya tayar da sabon. Da yake kullum ana toya ta sayarwa, tsamin bai taɓa yankewa ba. Ko ranar da Kaka ta rasu, ana zaman makoki Inna ta zame ta zuba ƙullu a tukunyar tana share hawaye. Wato masar da Adda ke toyawa akwai hannun Kaka a cikinta, ba da misali ba, da gaske. In ka gutsura sai ka ji wani ɗan tsami can ƙasan harshe, ba na nono ba, ba na tsamiya ba, ya zo ya wuce kamar wanda ya yi sallama bai zauna ba.

Sai ƙanenmu, Auta. Shi ne namiji tilo, shi aka kai boko. Adda ce ta goya shi a baya tana juya masa a tanda, akwai tabon ƙuna a damtsenta na ranar da ya miƙa hannu wuta ta tare. Ya yi aikin ofis, ya bari, ya buɗe gidan abinci mai kujeru da fanka. Mun yi murna. Mun kai mishi tsintsiya da addu'a. Bai taɓa sanin gefen tanda mai zafi da mai sanyi ba, amma wa ya damu? Ya ɗauki masu girki.

Ana nan sai aka ji cewa fada za ta karrama waɗanda suka daɗe suna yi mata hidima, a ba kowa takardar shaida mai hatimi, ya liƙa a shagonsa, ya rubuta a allonsa in yana so. Aka lissafa tsohon telan unguwarmu, da mai goro, har da wani Ibo mai sayar da tayoyin mota da ya tsufa a garin nan. Abin kirki ne, ban ga laifin kowa a can ba. An ce kowa ya kawo sunan wurin sana'arsa da shaidar cewa shi ne. Mu muna cikin gida ba mu ma ji ba. Auta ne ya ji.

Ya fara zuwa wajen Adda. Ina ta ƙofar katanga ina tsinkar alayyafo, na ji komai.

"Adda, faifan nan nake so ki ba ni aro na kwana ɗaya. Za a ɗauki hotonsa don tarihi."

"Tarihin wa?"

"Na gidanmu mana."

"Inna ta ce faifan nan ba ya fita sai da masa a ƙarƙashinsa. In mai hoto yana so ya zo ranar Juma'a ya tsaya a hanya."

Ba ta ma ɗaga kai daga tsince shinkafa ba. Ya yi dariya ya ce Adda kenan, ya tashi. Ban ankara ba sai ga shi ya zago ta ƙofata. Ya zauna a tabarma, ya cire takalmi, ya tambayi ƙafata da ke ciwo, ya ce cikin 'yan'uwansa ni ce mai fahimta.

"Yaya, ke kin san duniya ta canza. Adda ba za ta gane ba. In ba a rubuta sunan gidanmu ba, gobe wani zai tashi ya ce shi ne. Sunan Inna nake so in tsare. Ko so kike sunan Inna ya ɓace?"

Sunan Inna. Da wannan ya kama ni. Kuma bari in faɗi gaskiya, na ji daɗin da aka ce ni ce mai fahimta, ni da kullum ake cewa sai surutu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na tashi na kwance ɗankwalin na miƙa mishi. Ranar Litinin ce. Ya ce Talata da la'asar zai dawo da shi.

Talata ta wuce. Laraba na aika, aka ce ya tafi taro. Ashe taron ke nan. Ashe a ranar ya ɗauki faifan ya kai gaban magatakarda ya ce ga shaida, shi ne ɗan gidan, ga sunan shagonsa. To wa zai musa? Ɗan gidan ne, faifan ne. Aka rubuta, aka buga hatimi. Alhamis na sake aikawa, ya ce gobe da sassafe. Ban faɗa wa Adda ba. Ina ta cewa a raina zai kawo, ai ɗan'uwa ne.

Juma'a ta yi. Adda ta toya, ta jera a kwano, tana ta mita cewa gawayin ya yi danshi. Na leƙa zaure ya fi sau goma. Da hantsi ya ɗaga na rufe kwanon da faifan da nake rufe tuwon maigidana, na yafa ƙyalle a kai don kada ta gani, na fita.

A ƙofar fada tsohon dogarin da ya san ni tun ina bin Inna da ƙoƙon miya ne ke tsaye. Ya dubi kaina, ya dubi ƙasa.

"Hajiya, barka da hantsi. Ina faifan?"

"Baba, an ɗan samu akasi ne."

"Ai an kawo na gidanku tun ɗazu. A mota, cikin kula. Ƙanenki ya ce yayarku ta gaji, daga yau daga shago za a riƙa kawowa. Ga takarda ma ya nuna."

Na ce a kira mini jakadiya. Aka ce ƙafa ta matsa mata, tana wajen 'yarta a Fadaman Mada tana jinya. Dogarin ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. In zai shiga sai na buɗe. Ke ma kin san ƙa'ida." Ya ɗaga faifan tuwon, ya ɗauki masa guda, ya gutsura a gabana, a gaban masu jiran gaisuwa. Bai yi laifi ba, aikinsa ya yi, har idonsa ya kaɗa. Amma tun daga Kaka har ranar ba a taɓa buɗe kwanon gidanmu a zaure ba. Ban jira ya haɗiye ba. Na rufe, na ɗora a ka, na juyo. Teloli suka ce, "'Yar gidan masa, yau sarki azumi yake yi?" Na ƙara sauri.

Na tarar da Adda tana kankare tanda. Ta dubi kwanon, ta yaye ƙyallen, ta ga faifan tuwo. Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga Litinin. Na so ta zage ni. Wallahi na so ta ɗauki muciya ta kwaɗa mini. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "An buɗe?" Na ce an buɗe. Ta ce, "To."

Ta raba masar wa maƙwabta. Sannan ta ɗauko tukunyar ƙullu, ta kai bakin rariya, ta zubar da ragowar, ta sa sabulu da soso. Na yi kanta ina cewa, "Adda, kada! Adda, don girman Allah!" Ta ture hannuna da gwiwar hannu, ba da ƙarfi ba. Ta wanke ta ciki da baya sau uku, ta kife a rana. Ta kife tanda a gefenta. Ta ce, "An ce na gaji. Bai kamata a mayar da ɗan'uwana maƙaryaci ba." Ta shiga ɗaki.

Ban cire mayafi ba na nufi shagon. Tun daga nesa na ga masu fenti a kan tsani suna rubuta allo. Na shiga. Ga takardar a bango cikin gilashi. A gefenta ga faifanmu, shi ma cikin gilashi, an baje shi a kan katako an kafa mishi ƙusa huɗu. Ƙusa! Abin da Inna ba ta taɓawa sai ta wanke hannu.

Auta ya fito yana murmushi, da sabuwar hula.

"Yaya! Kin ga yadda ya yi kyau? Yanzu kowa zai gani."

"Cire shi."

"Haba Yaya, mu shiga ciki, ga mutane."

"Mutanen nake so su ji. Kai, mai cin masa, ajiye cokalin ka saurara. Wannan da ka gani bai san ko da hannun dama ake juya masa ko da ƙafa ba."

"Yaya, ki rage murya. Na gidanmu ne fa. Ni ba ɗan Inna ba ne?"

"Ɗan Inna ne kai wajen ci. Sau nawa ka hura wuta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

Sai ya sauya fuska, ya koma muryar ofis. Ya ce takarda ba a ba tanda, ana ba wurin da ke da suna da rajista. Ya ce Adda ba ta da shago, ba ta da allo, me za a rubuta, a rubuta matar da ke zaune a ƙofar gida? Ya ce da ma niyyarsa ta alheri ce, zai ɗauki Adda ta zama shugabar masu tuya, zai ɗinka mata rigar aiki da hular girki, ta huta da hayaƙi, ga gas.

Rigar aiki. Ga matar da ta goye shi. Na ce, "Auta, ka duba damtsen Adda ka gani ko hannun rigar zai rufe tabon." Ya kawar da kai. Na miƙa hannu zan fizge gilashin, ma'aikatansa suka riƙe ni suna ba ni haƙuri. Wata daga cikin masu tuyar, baiwar Allah, ta raka ni har titi, ta ce a hankali, "Mama, mu yis muke sawa da hodar burodi, minti kaɗan ƙullu ya tashi. Mun faɗa mishi ba irinta ba ce, ya ce masa masa ce."

Dangi suka shiga. Kawunmu ya zo ya zauna ya ce abin alfahari ne ga zuri'a, in ɗaya ya ɗaukaka ai duka ne, mace kuma ba ta tsayawa gaban magatakarda. Na ce, "Kawu, amma tana tsayawa gaban wuta shekara da shekaru, ba wanda ya ce bai dace ba." Ya ce bakina ne ke hana ni girma. Wataƙila gaskiyarsa.

Makonni suka wuce. Tukunya na kife, kaji na hawa kanta. Masu sayen masar safe suka zo suka gaji suka daina. Sai ranar wani suna a dangi na ji Auta yana cika baki a cikin maza, ni ina bayan labule ina rabon abinci. Yana cewa, "Ai yanzu fada ta ci gaba. Kulata har wanke mini ita suke yi, fes, a goge, a dawo da ita. Da can gidanmu wa yake wanke musu kwano?"

Na kusa sakin faranti. Dariya ta zo mini, irin mai ɗaci. Wannan shi ne magajin gidan masa! An dawo mishi da kula wanke, wayam, ba ko ɓarin goro, yana murna. Duk macen da ta taɓa aika wa maƙwabciya abinci ta san abin da wankakken kwano babu komai yake cewa: mun gani, ba mu ci ba, kada ka wahalar da kanka. Fada tana ta yi mishi magana mako bayan mako, shi yana jin kamar tafi ake yi mishi. Da ya taɓa tsayawa sau ɗaya ya ga Inna tana buɗe kwanon da ya dawo, da ya sani.

Bayan haka da kwanaki, da la'asar, keke ya tsaya a ƙofarmu. Jakadiya ce da kanta, tana dogara sanda, tsohuwar da ba ta taka gidan kowa. Ta zauna a kan turmi, ta ƙi tabarma saboda gwiwa. Ta dubi tukunyar da ke kife, ta daɗe tana dubanta.

"'Yar gidan masa, ina yayarki? An ce mini ta gaji. Na ce ƙarya ne, jinin uwarta ba ya gajiya."

Adda ta fito ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Iya. Ya ƙafar?"

"Bar ƙafa. Na dawo na tarar ana shigo mana da wani abu fari mai kumburi kamar soso. Yara ma sun ƙi. Daga ciki an tambaye ni, wai ina hannun nan? Takarda ta masu takarda ce, su suka san ta, ba ruwana. Ni faifai na sani. Zan sa a saƙa miki wani. Juma'ar nan ina jira."

Na yi hamdala. Na ce Allah ya kawo ƙarshen abin. Adda ta ce, "Iya, ki ba ni mako biyu in gwada."

Ta gwada, kada ku ce ba ta gwada ba. Ta tayar da tukunyar, ta jiƙa shinkafa, ta bar ƙullu ya kwana. Ta sa nono, ta sake ba nono. Ta aike ni gidan wata tsohuwa mai masa a bayan kasuwa na roƙo ɗan tsaminta. Kullum ta toya guda uku, ta gutsura ɗaya, ta tauna idonta a rufe, ta miƙo mini sauran. Masa ce mai kyau, ta fi ta kowa a unguwar. Ina cewa, "Adda, wallahi ta yi." Ta ce, "Ke ma kin san ba ta yi ba." Kuma na sani. Wannan ɗan tsamin mai sallama ya wuce, ya bi rariya ranar da aka buɗe kwano.

Ranar da mako biyun ya cika jakadiya ta aiko da sabon faifai, ja da baƙi da kore, ya ma fi tsohon kyau. Adda ta karɓa da hannu biyu, ta shafa, ta mayar cikin ƙunshinsa. Ta ce in kai mata da kaina, in ce ta gode, in ce hannun da aka ce kada a sauya ya riga ya sauya, ita kuma ba za ta rufe wata masa da faifan da ba a buɗewa ba. Na yi kuka, na yi magiya, na ce wa zai gane? Ta ce, "Ni." Na kai. Wannan ce fitata ta ƙarshe zuwa fada. Jakadiya ta karɓa, ta ƙulla mini goro a bakin mayafi, ta ce, "Kwanonku bai taɓa komawa wayam ba, ke ma ba za ki koma ba."

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne wanda ya yi ɓarnar bai rasa komai ba. An daina karɓar kular tasa tun tuni, amma takarda na bango, allo na sama, an ma sake mishi fenti. Baƙi daga wasu garuruwa suna tsayawa su ci masar da sarki ke ci, su ɗauki hoto da faifan. Adda kuwa ta koma sayar da ɗanyar gyaɗa da kuka a ƙofar gida. Yaran unguwa na yanzu ba su san ta taɓa riƙe tanda ba. Kuma ba ta taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya. In na tayar da maganar sai ta ce, "Miƙo mini tiren can." Da ta zage ni da tuni na warke.

Nakan ce da ba ta wanke tukunyar ba. Na faɗa mata, ta ce ita ma takan ce haka. Amma ni ban isa in ga laifinta ba. Wanda aka ce wa ya gaji alhali yana tsaye a kan aikinsa, ku bar shi ya yi fushi yadda ya iya.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wannan. Auta zai aurar da 'yarsa ta fari, kuma dangin ango mutanen cikin gari ne, sun san labarin, sun fara tambaya ko gwaggonnin amarya za su zo. Shekaranjiya sai ga direbansa da leda. Wai ga shi, a ba Yaya, a ce komai ya wuce, ya sa an yi mishi na roba zai maye gurbinsa a gilashin. Na buɗe. Faifan ne. Rana ta cinye jan, koren ya koma toka, ga hujin ƙusa huɗu da tsatsa a bakinsu. Adda ta leƙo, ta duba, ta ce, "Ke aka ara a wajenki, ke aka mayar wa," ta koma kan gyaɗarta.

Yarinyar ba ta yi mini komai ba, a hannuna aka yi mata wankan farko. Ledar tana nan a zaure inda na ajiye ta, ban shigo da ita ba, ban mayar ba, kwana biyu ke nan ina tsallake ta. Ɗankwalin Inna yana nan a bayan ƙofa, wayam. To ku da kuka ji tun daga farko, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: in na shigo da faifan nan, me zan rufe da shi?